Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sarƙar Lefe

A makon jiya mun tsaya a inda Hajiya ta aiko direbanta gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya ya karɓi sarƙa da 'yan kunne da abin hannu, waɗanda za a saka a lefen ɗanta. Na sayo su naira 250,000, na sayar 320,000. Ni da na saba cin ribar ɗari biyar a kan ɗan kunnen yara, daren nan sai da na yi nafila don godiya.

Kwana 19 bayan kai lefe, ina tankaɗen garin tuwo, wayata ta yi ƙara. Ko amsa gaisuwata Hajiya ba ta yi ba.

"Ke 'yar nan, ni za ki kunyata a gaban surukaina?"

Ashe wata gwaggon amarya ce ta ga bayan ɗan kunnen ya fara dusashewa, ta ɗauki kayan ta kai wa wani mai sayen gwal a kasuwar Sabon Gari. Ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, zanen ya ɓace nan take. Tagulla ce aka yi wa wankan gwal. A jikin maƙullin kuwa ga lamba 750 ɓaro-ɓaro, wadda ke nufin karat 18, ga kuma sunan kamfanin kayan ado na Van Cleef & Arpels. Lambar nan da sunan nan su na riƙa nuna wa mutane a WhatsApp ina cewa su duba da idonsu.

Na ce, "Hajiya, wallahi ban sani ba." Ta ce in je in faɗa wa hukuma.

Ranar Laraba aka kawo takardar gayyata daga ofishin 'yan sanda. Yaya ne ya raka ni, don tun rasuwar baban yaran shi ne gatana. Ba zan manta bencin nan ba. An ajiye sarƙar a kan tebur cikin farar leda, kusa da ita takardu huɗu da aka buga hirarmu da Hajiya, an ja jan layi ƙarƙashin maganata: "Na asali ne, daga Dubai, ki saya hankali kwance." Da hannuna na rubuta. Abin da ake tuhumata da shi zamba ne. Sai bayan la'asar Yaya ya tsaya mini aka ba da belina, kuma duk hanyar komawa gida, a cikin Keke Napep, bai ce da ni uffan ba.

Washegari ya kai ni wurin wani abokinsa lauya da ya yi karatu a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Na shiga ina kuka ina maimaita cewa ban sani ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ƙanwata, na yarda da ke. Amma alƙali ba ya ganin zuciya. Me kike da shi a hannu?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan kawo shi yadda na riƙe, saboda na san mata nawa ne a Zariya ke irin sana'ata daga ɗakunansu. Ya ce laifin zamba a dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 sai an nuna mutum ya yi nufin cuta. Wanda shi ma cutarsa aka yi yana da abin faɗa. Sai dai akwai wata dokar tarayya, Merchandise Marks Act, wadda ta haramta sayar da kaya mai ɗauke da tambarin jabu ko siffantawar ƙarya, kuma a nan mai sayarwa ne zai wanke kansa: ya nuna ya yi iya bincikensa, ba shi da dalilin yin zargi, kuma da aka tambaye shi ya faɗi wanda ya sayar masa. Ban da wannan, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Masu tambarin ma, in sun ga dama, suna iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya.

Daga nan ya yi mini tambayar da har yau take ci mini rai. "Kin taɓa duba nawa ake sayar da na gaskiyar?"

Ban taɓa ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Ƙirar fure mai ganye huɗu da ke jikin kayan nan sunanta Alhambra, kamfanin na Faransa ya fito da ita tun 1968, kuma abin hannun kaɗai dubban daloli ne, wato miliyoyin naira. Ya ce lauyan ɗaya ɓangaren da wannan zai fara: yaya mai sana'ar sarƙa za ta sayi kayan miliyoyi a 250,000 ba ta yi zargin komai ba? Na rasa amsa. Gaskiyar ita ce ban so in bincika ba, domin ribar ta yi mini daɗi, kuma kuɗin gwaji a Sabon Gari bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

Abin da ya taimake ni shi ne ban goge komai ba. Saƙon muryar matar da nake saro kaya a wurinta ta Instagram yana nan, tana rantsuwa cewa ragowar kayan shago ne daga Dubai. Rasit ɗin tura kuɗi ma yana nan. Barista ya ce kada in taɓa wayar, in sauke duk tallan da na saka, kuma kada in sake sayar da ko zobe ɗaya cikin sauran kayan.

Da daddare Baba ya kira ni turakarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ko kotu ta wanke ni, a shari'ar Musulunci wanda ya sayi abu ya tarar da aibi yana da haƙƙin mayarwa, kuɗin Hajiya bashi ne a wuyana. Ya ce in sayar da keken ɗinkina, shi zai cika sauran idan ya sayar da masara. Keken nan da shi na riƙe yara uku shekara huɗu.

Kafin in kwanta na kira matar. Layin a kashe. Na duba shafinta, babu shi, kamar ba a taɓa yi ba. Sai na koma kan rasit ɗin na karanta a hankali, karo na farko, na ga sunan da ke kan asusun ba na mace ba ne.

Da safe na kai wa Barista. Abin da ya biyo baya, da zaman sulhun da aka yi a gidan Hajiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.