Ranar da na zaunar da Bailie kusa da tukunyar shinkafa

Har yau idan na shiga taron 'yan'uwa a Gilasgo sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga Malam Beli ya iso." Nakan yi dariyar yaƙe, amma abin na nan yana sukata.

Shekara uku na yi a Abadin ina karatu kafin aiki ya kawo ni Gilasgo, kuma gani nake na gama da bakin mutanen Skotland. A can arewa maso gabas na sha wuyar karin harshen da suke kira Doric. Gaisuwa "fit like?", yaro "loon", yarinya "quine". Wani dattijo ma ya tare ka da "foos yer doos?", wato yaya tantabarunka, kai da ba ka da ko ɗaya, ka amsa cewa suna nan suna ta tsince-tsince. Wanda ya haye wannan kogi, me Gilasgo za ta yi masa? Ashe tafiyar da ba ta kai awa uku a jirgin ƙasa ba ta isa ta mai da ni baƙo, kamar Bakanon da aka sauke a tsakiyar kasuwar Sakkwato. Ɗan da nake ji ana ce wa "bairn" ya koma "wean". Kowane lemon kwalba "ginger" ne, ko da babu ƙwayar citta a ciki. Idan aka ce maka "how?" dalili ake tambaya. Uwargida ta dawo daga kanti fuska a ɗaure wai an ce mata "hen", kaza, alhali kalmar tausasawa ce ga mace.

Waɗannan duk da sauƙi. Wadda ta kayar da ni gajeruwa ce, kalma biyu kacal.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu, aka ɗora mini shirya walimar bayan Babbar Sallah. Muka aika wa Lord Provost takardar gayyata. Nan ma saura ƙiris in kwafsa, domin a gida Provost shugaban kwalejin ilimi ne, har na cika wasiƙar da yabon hidimarsa ga ɗalibai. 'Yar wani ɗan'uwa da aka haifa a nan ce ta karanta ta ce, "Kawu, wannan fa shi ne uban gari." Na gyara, na ce to yanzu na ƙoshi da darasi. Da amsa ta zo, aka ce ba zai samu zuwa ba, amma Bailie wane ɗan wane zai wakilce shi. Na ga suna uku a jere, na ɗauka na farkon sunan yanka ne. A raina na ce sun raina mu, sun turo mana ɗan aike.

Kada a ce ban tambaya ba. Na tambaya. Na gamu da maƙwabciyata a matakalar bene, tsohuwa haifaffiyar garin, na nuna mata takardar na ce wannan Bailie sunan wani ma'aikacin ofis ne ko? Ta fashe da dariya ta ce, "Aye, right!" ta wuce cefanenta. "Aye" na nufin e, "right" na nufin daidai. E biyu a jere, me ya rage? Ban san cewa a bakin mutumin Gilasgo idan suka haɗu gatse suke zama ba, irin "lallai ma!" ɗin da uwa ke ce wa yaron da ya rantse ba shi ya taɓa naman miya ba.

Na buga tsarin taro kwafi 150 da "Mista Bailie" a jerin sauran baƙi. Kujerarsa na kai ta layi na huɗu, gefen teburin abinci, inda yara ke zarya. Ranar ana tsuga ruwa, ya shigo cikin doguwar rigar ruwa, na miƙa masa hannu a tsaitsaye na nuna masa wurinsa da yatsa. Sai da liman ya buɗe taro da addu'a mutumin ya tuɓe rigar. Sarƙa ce a wuyansa, mai kauri, da tambarin birni tana reto a ƙirjinsa. Shugabanmu, dattijon da ya fi shekara talatin a ƙasar, ya juyo ya dube ni, ya kira ni da ido.

"Kai ɗana, wa ya ajiye wakilin gari a bakin tukunya?"

"Baba Alhaji, ai ɗan aike ne."

"Ɗan aike da sarƙa? Idan Sarki ya turo Galadima, a zaure kake barin sa?"

Da ƙafata na je na ɗauko shi gaban mutum sama da ɗari. Shi ko a jikinsa, "nae bother, big man", wato ba komai babban mutum, kawai ya ce, ya taho da farantinsa a hannu. Wannan sauƙin kai nasa ya fi zagi ciwo.

Bayan nan na zauna na bi sarautun ɗaya bayan ɗaya. Birane huɗu ne ke da Lord Provost: Edinbura, Gilasgo, Abadin da Dundi. Kansiloli ne ke zaɓensa daga cikinsu, shi ke karɓar baƙin gari, kuma shi ne wakilin Sarkin Birtaniya a birninsa, amma harkar siyasa da kasafi tana hannun jagoran majalisa. Ko mace ce a kujerar, Lord Provost ɗin dai ake ce mata. Bailie kuwa a da alƙali ne a kotun gari, mai hukunta 'yan faɗa da mashaya da ƙananan ɓarayi, har zuwa 1975 da aka rushe tsohon tsarin garuruwa. Shari'ar ta tafi, sunan da sarƙar suka tsaya a wuyan wasu kansiloli da ke tsaya wa Lord Provost a bukukuwa. Wato mutumin da na ajiye kusa da shinkafa, kakanninsa a sarauta tara suke cin mutane.

Abin da ya ƙara mini haushin kaina shi ne tsarin ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1605 Gilasgo take da Dean of Guild, shugaban 'yan kasuwa, da Deacon Convener, shugaban ƙungiyoyin sana'a 14, su maƙera da masaƙa da mahauta da wanzamai. Dean a nan ba shugaban tsangayar jami'a ba ne, Deacon kuma ba limamin coci ba ne: Sarkin Kasuwa ne da shugaban su Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa. Ni da na tashi ina jin Ma'aji da Madaki da Magajin Gari, na san sarai suna kan daɗe bayan aikinsa ya sauya. Haka sheriff a nan alƙali ne a kotu, ba mai bindiga da doki na fim ɗin kaboyi ba.

Yanzu duk takardar da ta zo da kalmar da ban sani ba a gaban suna, waya nake ɗauka in kira ofishin da ya aiko, in tambayi yadda ake kiran mutumin da inda ake zaunar da shi. Idan kuma ɗan gari ya amsa mini yana dariya, sai na sake tambayar ta wata fuska. Maƙwabciyata da na ba ta labari sai da ta dafa bango don dariya, ta ce ai ta ɗauka zolaya nake yi. Walimar bana wani aka ba tsarin kujeru. Ni aka ce in kula da wurin ajiye motoci.