Kafin Ka Saki Reshe, Duba Abin da Ka Kama

Ɗan yayata ne ya miƙo mini wayarsa ranar Asabar, wai in duba masa takardar ajiye aiki ko da kuskure a ciki. Shekararsa biyu da rabi da samun aikin, yana kuma zanen talla a gefe, kuma wata uku a jere abin da zanen ya kawo masa ya fi albashinsa. Ya ce, "Kawu, guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni." Na riƙe wayar na rasa ta cewa, domin da wannan karin maganar na rufe bakin matata ranar da na rubuta tawa takardar.

Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen kula da kwamfutoci na wani kamfani. Da yamma da ranakun hutu ina haɗa wa ƙananan ofisoshi intanet, ina gyara musu na'urori. Aikin gefen ya yi albarka, amma tsakani da Allah ba albarkar ce ta fitar da ni ba, fushi ne. Sau biyu ana tsallake ni wajen ƙarin girma, a na biyun aka ɗora mini yaron da ni na koya masa aiki. Har gobe in na tuna raina yana sosuwa, kuma ban ga mai zuciyar da zai shanye wannan ba. To amma kwana tara kacal ne tsakanin fitowar sunayen da miƙa takardata. Kwana tara, ga mata ga yara uku.

Lissafin da na yi shi ne na ɗauki watan da ya fi kowanne kyau na ninka shi sau goma sha biyu. Ciniki na ƙirga, na kira shi riba. Ban kuma taɓa zama na duba abin da ke bayan albashi ba: kuɗin fansho da kamfani ke zuba mini, inshorar lafiyar iyali, hutun shekara da ake biyana ina gida, harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso hannuna. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo albashinsa na tafiya. Mai cin gashin kansa kuwa ranar da ya kwanta, cinikin ma ya kwanta.

Na zaci awa takwas da zan 'yanta kullum za su ninka mini samu. Ashe neman kwastoma da rubuta farashi da bin bashi ne za su cinye su. Fiye da rabin aikina daga ofis ɗaya yake fitowa. A wata na biyar aka canja musu manaja, sabon ya zo da nasa mutumin. Sauran kuma aikin da na gama yau sai bayan wata biyu ko uku su biya, alhali kayan aikin ni nake saya da kuɗina nan take. A takarda ina cin riba, a aljihu babu. Wasu ma sai daga baya na gane sunan kamfanin da nake yi wa aiki ne ya sa suka amince da ni tun farko.

Matata ta sayar da sarƙarta ba ta gaya mini ba, sai da na ga wuyanta. Muka canja wa yara makaranta. Bayan shekara biyu da wata huɗu na koma aikin albashi a wani wuri, a matakin da na wuce tun da daɗewa. Ba zan ce ban ƙaru da komai ba, na koyi yanka wa aikina farashi, na koyi kallon idon mutum in nemi haƙƙina. Da ofishin nan bai canja manaja ba, wataƙila da labarin ya sha bamban. Ko da yake wanda ya jingina gidansa da mutum ɗaya, shi ya gina wa kansa ramin.

Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, bidiyon minti ɗaya ya ishe su hujja. Wani ya tsaya gaban mota ya ce ka zama ogan kanka, shi ke nan an gama shawara. Waɗanda suka karye ba sa ɗaukar bidiyo. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba ya wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba ya wuce shekara biyar. Binciken da Joseph Raffiee da Jie Feng suka wallafa a 2014 ya gano cewa waɗanda suka fara sana'a suna riƙe da aikinsu, haɗarin rushewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin 100 a kan waɗanda suka tsunduma gaba ɗaya. Phil Knight da ya kafa kamfanin da ya zama Nike ya fara a 1964, amma ya ci gaba da aikin akanta da koyarwa har 1969.

Na so in jero wa yaron shawarwari goma, da na buɗe baki kaɗan ne suka fito. Kada ka ajiye aiki kana cikin fushi. Wata uku ba hujja ba ce, kawo mini lissafin shekara guda, ribar da ta rage bayan ka cire komai, har da watannin da babu. Ka tara abin da zai riƙe gidanka aƙalla wata shida ko sisi bai shigo ba, kuma kada ka haɗa shi da jari. In mutum ɗaya ke ba ka rabin aikinka, ba sana'a gare ka ba, ubangida ka canja, wanda ba ya biyan fansho.

Sai kuma na ji kaina ina ce masa kada ya jira har ya kai shekaruna, domin yanzu da ba shi da mata ba shi da ɗa, in ya faɗi shi kaɗai zai ji ciwo. Ya ce, "To Kawu, in fita ke nan ko in zauna?" Na daka masa tsawa na ce ku komai sai an tauna muku an sa a baki. Daga baya na ji ba daɗi, don ni ma a lokacina babu wanda na saurara.

Na ce ya kawo mini lissafinsa na wata goma sha biyu, a rubuce. Ya ce ai duk suna cikin waya, zai haɗo su Asabar mai zuwa. Takardar dai bai tura ba, amma na lura bai goge ta ba.