Tsinken tsintsiya da lissafin ajin CE1

Aikina horar da malaman firamare kan koyar da lissafi, a ƙauyukan da ke kewaye da Garwa, a arewacin Kamaru. Yawancin waɗanda ake turo mini ba su bi ta ENIEG ba, wato makarantar horon malamai mai ba da takardar CAPIEMP. Malaman iyaye ne, ƙungiyar iyayen yara ce ke haɗa kuɗi ta biya su. Wani BEPC gare shi, takardar gama ƙaramar sakandare, wani ya kai Probatoire, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a babbar sakandare, ya tsaya. Su ne kuma ke riƙe da SIL da CP da CE1, wato aji ɗaya da biyu da uku na firamare, azuzuwan da yaro ke kama lissafi ko ya kuɓuce masa.

Ranar farko nakan rubuta 52 − 17 a allo, in sa 45 a ƙasa, in ce wata yarinya ce 'yar CE1 ta rubuta haka, me ta yi? Kowa ya san amsar 35 ce, ba ita nake nema ba. Sai ka ji an ce, "Malam, ba ta da ƙoƙari ne," wani ya ce ba ta jin Faransanci. Sai an jima wani zai lura cewa 2 ta cire daga 7 ta samu 5, ta cire 1 daga 5 ta samu 4. Yarinyar ba cankar amsa ta yi ba. Ƙa'ida ta bi, cewa ƙarami ake cirewa daga babba, kuma a bakin malami ta ji ta tun tana CP. Idan aka ja mata jan biro kawai, gobe ma haka za ta yi.

Daga nan sai in tambaye su ɗan 1 ɗin nan da muke rubutawa gefen 2 a sama, mu sake rubuta wani gefen 1 a ƙasa, daga ina ya fito? Nan ake yin shiru. "Haka aka koya mana," in ji su, kuma gaskiya suka faɗa. Ba na ganin laifin kowa a nan, amma wanda bai san dalilin abu ba, in yaro ya ɓata hanya, ba shi da abin yi sai maimaita magana da ƙarfi.

Sai mu zauna a tabarma da tsintsiyar kwakwa da roba. A kakkarya tsinke, a ɗaure goma-goma. Ɗauri biyar da tsinke biyu, ga 52. A cire 17. Hannu da kansa yake zuwa ya kwance ɗauri ɗaya, ya zama ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. Cire bakwai, cire ɗauri ɗaya, saura ɗauri uku da tsinke biyar. Wata malama da ta daɗe tana koyarwa ta ce in ba ta 403 − 58, don sifirin tsakiya ne ke kayar da yaranta. Ta haɗa manyan ɗauri huɗu na ɗari-ɗari, ta nemi na goma ba ta gani ba, ta ɗan tsaya, sannan ta kwance ɗari guda, ta zaro goma ɗaya daga ciki ta kwance shi ma. Ɗari uku, gomomi tara, tsinke goma sha uku. Ta ƙirga abin da ya rage, 345, ta ce, "Malam, wannan zan iya nuna wa yaro ko da Fulatanci."

Ina ce musu su rubuta abin da hannu ya yi: a soke 5 a sa 4, a mai da 2 ta zama 12. Tsohuwar hanyar ƙara 1 sama da ƙasa daidai take, amma ba ita tsinken ke nunawa ba, a bar ta sai yaro ya zauna da gindinsa.

Kullum akwai mai cewa yaransa sun haura ɗari, ina zai samo tsinke? Kowane yaro ya zo da nasa daga gida, 'yan benci ɗaya su haɗa. Ga kuma ƙaramin allo da alli. Malami ya faɗi tambaya, ya buga tebur a rubuta, ya sake bugawa a ɗaga, dabarar La Martinière da duk suka sani. Abin da nake ƙarawa shi ne su daina neman masu daidai, su duba amsar kuskuren da ta fi yawa. In alluna ashirin sun nuna 45, darasin gobe ya samu.

Manhajar firamare ta 2018 ta ce a fara darasi da abin da yaro ke gani a rayuwarsa. Yarinyar da ke tallar gyaɗa tana mayar da canjin sefa 500 a cinikin 175 ba tare da alli ba: 25 ta cika 200, sai 300. Wannan ma ɗebewa ce, kuma ina so malami ya kira ta gaban aji ta nuna yadda take yi, da Hausa ko Fulatanci, kafin a rubuta da Faransanci.

Abin da ke ci mini rai shi ne malamin da ka horar ya bar aiki tsakiyar shekara, don iyaye sun kasa biya kafin kuɗin auduga ya shigo. Shi ya sa yanzu nake roƙon daraktoci su turo mini malamai biyu daga kowace makaranta, kuma kwalin tsinken ya zauna a ofis, ba a gidan malami ba.