Daga Arisaig zuwa tsibiran duwatsu a cikin kayak

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Gilasgo zuwa Mallaig, a yammacin Sikotland, yakan shafe kimanin awa biyar kafin ya kai Arisaig, kuma a hanya yana bi ta kan gadar Glenfinnan mai bakuna 21, wadda take cikin layin da aka buɗe a 1901. Arisaig ƙauye ne ƙarami, amma tasharsa ce ta fi kowace tashar jirgin ƙasa a babban tsibirin Birtaniya kusa da yamma. A nan na sauka a watan Yuli tare da wasu abokan karatu, da niyyar mu kewaya ƙananan tsibiran da ke bakin mashigar Loch nan Ceall a cikin kayak, wato siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya wanda asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, masu ɗinka shi da fatar dabbar teku a kan ƙirar itace.

Na taso ina ganin masu fito a Yawuri suna tura hancin jirginsu na katako kan laka ko yashi, fasinja ya taka ya sauka ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. A Arisaig, darasin farko da jagorarmu ta ba mu shi ne cewa wannan ba zai yiwu ba. Wasu daga cikin jiragenmu na roba ne mai kauri, wasu kuma na zaren gilas da aka shafe da wani siririn fenti mai tauri, kuma tsawon kowanne ya kai mita 5. Na roba yana jure bugu, amma dutse yana feƙe shi sannu a hankali har gindinsa ya yi kaushi. Na zaren gilas ya fi sauƙi da gudu, sai dai fentinsa yana tsagewa, kuma idan tsagar ta yi zurfi ruwa zai fara ratsa zaren. Ta ce, "A tsakiyar teku ba abin da ke taɓa jirginku. A 'yan takun nan na bakin gaɓa ne ake kashe shi."

Saboda haka ba mu ja ko ɗaya a ƙasa ba. Mutum biyu ke ɗaukar jirgin da babu kaya, huɗu kuma su ɗauki wanda aka cika da tanti da abinci, su shiga da shi ruwa har ya kai musu ƙwauri, inda zai yi iyo ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A nan ne matuƙi zai raba ƙafafunsa ya hau, ya fara zaunar da mazaunansa, sannan ya shigar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yana dafe da filafili. Sanyin ruwan wajen digiri 13 ne, yana shiga har ƙashi, kuma na lura cewa wannan sanyin ne ke sa mutane su so zama a jirgi tun yana kan tsakuwa, a turo su. Nauyin mutum a kan jirgin da ke gogar tsakuwa shi ne ya fi komai cin gindinsa.

Tuƙin kansa bai ba mu wahala ba. Ruwan da ke tsakanin tsibiran garau yake, ana hango farin yashi a ƙasa, ga tsibiran Eigg da Rum can nesa ta yamma.

Sauka ce ta fi buƙatar natsuwa. Da azahar teku ta janye, yashin da muka yi niyyar tsayawa a kansa ya koma bayan wani shingen duwatsu da wasu ƙananan halittu masu ɓawo suka lulluɓe, masu kaifin da zai yanka tafin hannu. Jagorar ta tsayar da mu nesa kaɗan muna kallon yadda igiyar ruwa ke zuwa, domin manya sukan zo a jere, sannan a sami ɗan sarari. Ta zaɓi wani lungu inda ciyawar teku mai ruwan ƙasa ta shimfiɗu a kan dutse, ta umarce mu mu ɗage ɗan faifan da ke fitowa ta ƙarƙashin wutsiyar jirgi don daidaita tafiya, tunda tsakuwa guda ta isa ta maƙale a raminsa ta hana shi motsi. Ɗaya bayan ɗaya muka shiga, kowa ya fitar da ƙafafunsa tun ruwa na da zurfin gwiwa, ya tsaya ta ɓangaren teku don kada igiya ta maka masa jirgin a ƙwauri. Ciyawar tana kare jirgi ƙwarai, amma santsinta ba ya raga wa ƙafa, sai da muka riƙa takawa a sunkuye.

Da yamma muka kai jiragen can sama da layin busasshiyar ciyawa da ke nuna iyakar cikar teku, domin a wannan gaɓar ruwa yakan tashi kimanin mita 4 a lokacin babbar cika, kuma yana dawowa bayan kimanin awa shida, ko da tsakar dare ne. Muka kifa su a kan ciyayi, muka ɗaure. Jagorar ta bi su tana shafa gindin kowanne da hannu, musamman tsirin da aka manna daga hanci zuwa wutsiya don ya ɗauki gugar da ba makawa sai an yi ta. A jikin ɗaya na zaren gilas ta tarar da tsaga mai tsawon ɗan yatsa, ta wanke gishirin da ruwan sha, ta goge wurin ya bushe sarai, ta rufe shi da salatif mai ƙarfi, ta ce zai kai mu gida, amma gyara na sosai sai an koma Arisaig.