Kibiyoyi sun koma kan H, J, K, L: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon Linux, ga inda aka kwana. Ƙurar hunturun Garwa ta kashe mini kibiyar hagu da ta ƙasa a laftof, kuɗin sabon kibod kuwa ba yanzu ba. Shi ya sa na ɗora wa H, J, K, L aikin matsar da sandar rubutu, wannan mai ƙyaftawa: in na danne Caps Lock, H hagu, J ƙasa, K sama, L dama. Tsarin tsoho ne. Bill Joy ya sa shi a vi, manhajar gyara rubutu, a 1976, don na'urar ADM-3A da yake aiki da ita a kan haruffan nan aka zana mata kibiyoyi.

Na fara da xmodmap, manhajar sauya aikin maɓalli, don shi ne a bakin kowa. Kada ku ɓata dare a kansa. Na X11 ne, tsohon tsarin nuna hoto a allo, Ubuntu kuma tun fitowar 21.04 da sabon tsarin Wayland take tashi, can kuwa ba ya cin kasuwa. Keyd, wata manhajar sauya maɓalli, shi ne ya raba gardama, domin yana tare maɓalli tun daga tushe, kafin teburin allo (desktop) ko wata manhaja ta san an taɓa shi. Ga abin da ke cikin /etc/keyd/default.conf nawa:

[ids]
*

[main]
capslock = overload(nav, esc)

[nav]
h = left
j = down
k = up
l = right

[shift]
capslock = capslock

Sai sudo keyd reload. Taɓa Caps Lock ka saki, Esc ke nan. Riƙe shi, kibiyoyi sun buɗe.

Layuka biyun ƙarshe su ne namu, mu mutanen Kamaru da Cadi masu kibod ɗin AZERTY, wato na Faransanci. Wanda ke rubutu da Turancin Ingilishi zai iya yar da Caps Lock bai ji komai ba. Mu kuwa takardar makaranta da ta ofis da Faransanci ake yin su, kuma a Linux hanya mafi sauƙi ta samun babban É ita ce ka kunna Caps Lock ka danna é. In ka ƙwace maɓallin gaba ɗaya, ranar da za ka rubuta École a saman takarda za ka tsaya kana kallon allo. Da layukan nan, Shift da Caps Lock tare suna dawo da shi yadda yake.

Wani tarkon kuma, keyd bai san abin da aka buga a jikin maɓalli ba, mazauninsa a tsarin QWERTY, kibod ɗin Turanci, ya sani. H, J, K, L mazauninsu ɗaya a duka biyun, sa'a ce. Amma maɓallin da muke gani A, a wurinsa q ne. W ɗinmu kuma z ne. Ku kunna sudo keyd monitor, ku danna, zai faɗa muku sunan. In kuma kibod ya rikice har ba a iya rubutu, Backspace da Esc da Enter a tare suna tsayar da keyd.

Yatsuna har yanzu suna rikita J da K, musamman in ina sauri a LibreOffice, ƙaramin yatsan hagu ma yana ɗan tsami da yamma. Abin da nake kai yanzu shi ne tsallake kalma guda: b = C-left (Ctrl da kibiyar hagu) a ƙarƙashin [nav] ya zauna, na gaba kuma z = C-right zan rubuta, tunda W nake so ya yi aikin.