Na Ga Inda Teku Ke Cin Gari a Keta

Sarin atamfa ne ya kai ni Lome, Keta ba ta cikin lissafina. Abokin cinikina ne ya matsa sai mun tsallaka Gana na gaida kawunsa da ke Keta, tunda Aflao, garin Gana na kan iyaka, ga ta nan manne da Lome. A wani shinge wani jami'i ya karɓi takarduna ya yi ta jujjuya su, ko sallamata bai amsa ba, da ya gama kuma ya cillo mini su. Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu ko za a tatse ka, ana fara tambayarka gajiya.

Daga Denu muka hau ƙaramar bas da suke kira trotro. Titin siriri ne, teku a hagu, tafkin Keta a dama, mutane na zaune a ɗan tsakanin. Da muka iso Agavedzi na daina magana. Gidajen bulo ne da siminti, ba na laka ba, amma an tsaga su biyu, rabi a tsaye, rabi cikin ruwa. Na ga ɗaki da tagarsa da fentinsa, yashi ya cika shi har kusan rufi. A watan Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta afka wa wannan yanki ta raba dubban mutane da muhallinsu, kuma ba daga nan ta tsaya ba.

Kawun nasa dattijo ne, a zango aka haife shi, Hausarsa irin ta Gana mai daɗin ji. Tun kafin mu zauna aka kawo dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yaji. Kifin da aka tula mini, a Kano sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka taya. Kwakwa kuwa kusan kyauta. Ruwan sha da kuɗin mota ne suka fi namu tsada, ga sidi, kuɗin Gana, ta fi naira ƙarfi, duk abin da na saya sai na ji a jikina.

Da la'asar ya kai ni bakin ruwa, ya nuna can inda kwale-kwalen masunta ke lilo.

"Ɗana, ka ga wurin can? Muna yara unguwa ce, da tituna da shaguna."

Na ce, "Baba, to masu gidajen fa?"

Ya ce, "Wasu sun koma wurin dangi, wasu sun bar garin. Fili dai babu."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Mu ma mun san ambaliya, Haɗeja ta sani, Maiduguri ta gani a 2024. Amma ruwanmu yana janyewa, mutum ya koma kangonsa ya sake ɗora tubali. Nan ƙasar ce kanta ke tafiya, da gadon kakanni da maƙabarta. Wa za ka kai ƙara?

Ya nuna mini ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a 1784, inda aka tsare bayi. Teku ya cinye babban ɓangarenta. Duwatsun da gwamnati ta jibge a aikin kare gaɓa da aka kammala wajen 2004 sun ceci abin da ya rage na garin, sai dai ruwan ya ƙara matsa wa ƙauyukan gaba. Fuveme kuwa, kusa da bakin kogin Volta, tuni mutanenta suka tashi.

Wani malamin makaranta da muka haɗu a masallaci ya ce abin biyu ne. Madatsar Akosombo ta 1965 ta tare yashin da Volta ke kawowa gaɓa. Sannan ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙarar Greenland da Antarctica, ruwa kuma in ya yi zafi kumbura yake. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kusan santimita 20, yanzu kuma hawan ya fi sauri. Taƙi guda ke nan, amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin Keta ya isa ya shigo da igiya har gado. Abin da ke ci mini rai, masuncin da ko babur ba shi da shi ne ke biyan bashin hayaƙin masana'antun wasu.

Baba ya ƙi karɓar ko sisi, ya ma haɗa ni da busasshen kifi da gishirin tafki. Muka koma Lome na ɗaure kayana. Kwatano ruwan sama, Legas cunkoso, daga nan motar dare har Kano.