A ce mace ta yi shiru a ikilisiya, to Hulda fa?

Duk sanda maganar nan ta taso ayoyi biyu ake jawowa, 1 Korantiyawa 14:34 inda Bulus ya ce mata su yi shiru a taron ikilisiya, da 1 Timoti 2:12 inda ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. Daga nan sai a rufe Littafi, wai magana ta ƙare. Ni kam ban ga ta ƙare ba, kuma ba raina Maganar Allah nake yi ba, so nake a karanta ta duka.

Ku koma baya kaɗan a 1 Korantiyawa ɗin dai, sura 11 aya 5, Bulus ɗin nan yana maganar macen da ke addu'a ko annabci, abin da ya dame shi kawai ta rufe kanta. To ya za a yi ya tsara mata yadda za ta yi annabci sannan bayan sura uku ya ce kar ta buɗe baki sam? Kuma a sura 14 ɗin ba mata kaɗai aka ce su yi shiru ba fa, mai magana da harsuna in babu mai fassara an ce ya yi shiru, annabin da ke magana in wani ya samu wahayi shi ma an ce ya yi shiru, hayaniya ce ta cika sujada a Koranti Bulus yake gyarawa.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce annabiya Hulda, a 2 Sarakuna 22. An tsinci littafin shari'a a Haikali, aka karanta wa sarki Yosiya ya yage tufafinsa don tsoro, ya ce a je a tambayi Ubangiji. Babban firist Hilkiya da kansa, da Shafan magatakarda da sauran manya suka kwashi ƙafa sai gidan mace, matar Shallum, alhali Irmiya yana raye yana annabci a lokacin. Ta faɗa musu hukuncin Allah ba ɓoye-ɓoye, sarki kuma ya ji ya bi. Babu wanda ya ce mata ke mace ce zauna.

Ga Debora, ga 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci, ga Bilkisu da mijinta Akila da suka zaunar da Afolos suka ƙara masa haske, ga Bitrus ranar Fentikos yana jawo annabi Yowel cewa 'ya'yanku maza da mata za su yi annabci.

Maganar naɗa mace fasto ko firist daban ce, na sani, a nan ikilisiyoyi suka rabu sosai. A 1994 Paparoma John Paul na biyu ya ce cocin Katolika ba ta da ikon naɗa mata firistoci, a shekarar ce kuma cocin Ingila ta naɗa mata firistoci na farko, har ta kai ga bishop mace a 2015. Masu riƙe da 1 Timoti da zuciya ɗaya ina girmama su, 'yan'uwana ne.

Abin da ke min ciwo shi ne mace ta koyar da yara Littafi shekara da shekaru, ta bi asibiti tana yi wa marasa lafiya addu'a, ta kai bishara inda maza suka ƙi zuwa, ranar da ta miƙe cikin taro da saƙo a bakinta sai wani dattijo ya ɗaga mata hannu ta zauna, ko jin abin da za ta faɗa bai yi ba balle ya auna shi da Nassi.